Kabo Duniya-Tara

Kabo taubashina ne. Uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, saboda haka tun muna yara nake da izinin in tsokane shi a gaban kowa, shi ma ya rama, ba mai ɗaga kai ya dube mu. Na faɗi wannan da wuri ne domin wasan nan namu shi ya kusa jawo mana asara. Ni sunana Datti, ina jan a-daidaita-sahu tsakanin Gaya da Ajingi, bayana ya gama aiki, gwiwoyina ma suna shirin bin sahu. Shi kuwa yana Toranke, a gidan da aka haife shi, yana noman gero da gyaɗa da wake a gonar da mahaifinsa ya bari. Shanun danginmu sun ƙare tun zamanin kakanni, Fulatancin ma ya bi su. Kunya ce kaɗai ta rage mana, ita kam ko kaɗan ba ta ragu ba.

In ka je Toranke ka ce Kabo kake nema, sai an tambaye ka wanne. Amma ka ce Duniya-Tara, ko wa ka tara zai nuna maka ƙofar gidan.

Ga yadda ya samo sunan. Yana saurayi ya tafi Kano cin rani, Allah ya haɗa shi da aikin shara da ban ruwan fulawa a gidan wani Ba'indiye da ke koyar da labarin ƙasa a sakandare. Da la'asar 'ya'yan gidan kan zauna a falo su kalli katun a talabijin. Kabo ba ya shiga, sai ya tsaya a taga da bokitinsa a hannu, fulawa na jiran ruwa, shi yana kallon dabbobin zane suna tsere da juna. Maigidan ya lura da shi bai kore shi ba. Mutum ne mai son tambaya, ko shayi yake sha sai ya jefa wa 'ya'yansa: wane kogi ne ya fi tsawo, ina ne babban birnin ƙasa kaza, wace duniya ce ta fi kusa da rana. Wata rana yaran suka yi shiru, amsa ta shigo ta taga. Daga nan Kabo ya shiga cikin 'yan aji, yana tsaye a waje. Da mutumin zai koma ƙasarsu, ya bar masa taswirar duniya, irin mai kamar ƙwallo da ke juyawa a kan ƙafa ɗaya.

Sauran 'yan cin rani sun dawo da keke, da rediyo, da turamen atamfa na kayan aure. Kabo ya dawo rungume da duniya a cikin buhun gishiri. Na yi masa tsiya iyakar ƙarfina, na ce a dafa ta mu gani ko za ta ƙosar da mutum biyu. Bai ko kula ni ba, ya share mata gurbi a ɗakinsa ya lulluɓe ta da tsohon rawanin ubansa.

Sai dai abin da na raina shi ya ba shi kujera a gari. Mutanenmu suna da son musu, ba sai na gaya wa kowa ba. A teburin mai shayi, gindin darbejiya, za a iya kwashe yini ana jayayya a kan ko Masar a Afirka take, ko Makka ta riga mu ganin faɗuwar rana, ko akwai ƙasar da ta fi Najeriya yawan mutane. Idan jijiyoyin wuya suka tashi, sai a ce a kira Kabo. Zai zo a hankali, duniyarsa a hammata, ya ajiye ta kusa da gwangwanin madara, ya juya ta, ya ɗora yatsa. Magana ta ƙare ke nan. Wanda aka kayar shi ke sayen shayin, shi ya sa mai shayin ya fi kowa ƙaunarsa. Kuma duk hukuncin da ya yanke, ba ya tashi sai ya ƙara da abin da ba a tambaye shi ba: ya jero duniyoyin da ke kewaya rana. Ya fara da ta kusa da ita, ya biyo ta kan Zara, wadda ya ce ba tauraro ba ce, duniya ce, ya zo kan tamu, ya wuce, har ya dire a kan 'yar autarsu, Fuluto. Ita ya fi so. Yakan ce tana can ƙarshen layi cikin sanyi da duhu, ba mai zuwa gaishe ta, amma ba ta taɓa fasa zagayenta ba. Sai ya ɗaga yatsu ya ce tara. Yaran garin duk sun haddace jerin kamar waƙar gaɗa, manya kuma suka liƙa masa sunan.

Ba zan ce ya zauna da tsohon ilimi ba, in na faɗi haka na zalunce shi. Rediyo yake bi kamar abinci. Da Tarayyar Sobiyet ta wargaje, rani guda ya yi yana ja wa duniyarsa layuka da biro. Da Sudan ta rabu, ranar ya raba ta. Abu ɗaya ne ya wuce shi. A daminar 2006 masanan taurari suka taru a wata ƙasa suka yanke cewa Fuluto ba ta kai a lissafa ta cikin manyan duniyoyi ba, suka koma takwas. A daidai lokacin rufin ɗakin Kabo ya yi yoyo, rediyonsa ya sha ruwa ya yi makonni bai ce uffan ba, shi kuma yana fama da ciyawa a gona. Da aka gyara rediyon, duniya ta wuce zuwa wasu labaran. Ni ma ban sani ba, me ya haɗa ni da Fuluto, ina fama da kuɗin mai.

Daga baya wayoyi suka cika gari. Musu bai mutu ba, amma ya daina yin tsawon rai. Da an fara, sai wani ya zaro waya ya latsa, a karanta, kowa ya koma kan kofinsa. Aka daina aika wa Kabo. Yakan zo da kansa dai, ya zauna, duniyar a cinyarsa, biron da ke kanta ya koɗe, tekun ya zama ruwan toka saboda shafar hannu. Wani lokaci, don kara, wani saurayi kan yi masa tambaya, ya amsa, ya ƙara da jerinsa, ya ce tara. Samarin sun san ba haka ba ne, sun gani a waya, sun karanta a makaranta. Amma wa zai dubi dattijo mai furfura a gemu ya ce masa sunan da ake kiransa da shi kuskure ne? Sai su sunkuyar da kai su ce haka ne, Baba. Shekaru aka yi a haka, garin gaba ɗaya yana tallafe da shi bai sani ba.

Shi da matarsa Lami sun daɗe ba su samu haihuwa ba. Har an daina yi musu addu'ar a fili, sai ga Khaula. To 'yar fari ce, mu kuma a gidanmu ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a yi masa magana ido da ido. Wasu sun sassauta yanzu, Kabo bai sassauta ba. Ban taɓa jin sunan yarinyar nan a bakinsa ba. In zai yi zancenta sai ya ce mutanen ciki. Ranar sunanta ma gona ya tafi, ya wuni yana nome inda ya riga ya nome. Ni da na san shi, na san ransa na kanta fiye da komai a duniya, har da wadda ke lulluɓe da rawani.

Da ta fara wayo sai ya samo dabara. Akwai wata jar akuya da ake ɗaurewa a turken tsakar gida. Bayan la'asar Kabo zai fito da tabarma ya zauna kusa da turken, ya juya wa ɗakin girki baya, ya dubi akuya ya ce, ko ke kin san babban birnin Ostireliya? Akuya na tuƙa. Can daga bayansa, inda Khaula ke wanke-wanke ko tsince wake, sai murya ta fito, ita ma tana fuskantar randa: Kanbera. In ta faɗi daidai, sai ya shafa wuyan akuya ya ce madalla. In ta kuskure, ya gaya wa akuya amsar, har da dalili. Akuyar ta tsufa aka sayar, 'yarta ta gaji turken da karatun. Na sha gaya masa duk ƙasar Gaya babu awakin da suka kai nasa ilimi.

Ta wannan hanyar ta san koguna da duwatsu da hamada, ta san wata ba shi da hasken kansa, ta san abin da ke sa rana ta yi husufi. Ta nan kuma ta san katun, ita da ba ta taɓa zama gaban talabijin ta kalli ko ɗaya ba. Uban ke ba akuya labarinsu kamar tatsuniya: yadda dutse ke faɗo wa dabba a ka ta baje kamar waina, ta girgije ta tashi ta ci gaba da gudu, yadda ƙwan fitila ke bayyana a saman kan wanda dabara ta zo masa, yadda mai gudu ke wuce bakin dutse ya ci gaba da taka iska, ba ya faɗowa sai ya duba ƙasa. Yana faɗa yana dariya shi kaɗai, ita ma tana dariya a bayansa, kowa da inda ya fuskanta.

Bara Khaula ta zo ƙarshen ƙaramar sakandare. Babbar ba ta kusa, sai ta kwana, Kabo kuwa abin da gonarsa ke bayarwa da ƙyar yake kai su wata damina. Ba wanda ya faɗa da baki, amma kowa ya san karatunta ya zo ƙarshe, za ta zauna gida ta taya Lami suyar ƙuli-ƙuli. Ana cikin haka wata ƙungiyar 'yan asalin Gaya da Ajingi mazauna birni ta shirya gasar kacici-kacici tsakanin makarantu. Wanda ya zo na ɗaya, ƙungiyar za ta ɗauki nauyinsa a makarantar kwana har ya gama. Fannoni uku suka sa: sararin samaniya, ƙasashen duniya, da katun na da. Na ukun ya ba ni haushi. Mutane sun tsufa a birni suna kewar yarintarsu, sai su zo su tambayi 'ya'yan ƙauye abin da ko wutar kallonsa ba su da ita. Amma ga Khaula, kamar da ita aka yi shawara. Malaminsu, Malam Abdulsalam, bai yi dogon tunani ba ya sa sunanta.

Ranar wata kasuwa na kai fasinja Toranke, ina shirin juyawa sai na gan ta tsaye nesa kaɗan da keken, tana murza bakin hijabinta. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ci gaba da murza hijabin, har na ce in ba magana zan wuce.

"Baffa Datti, duniyoyin ba tara ba ne," in ji ta. "Takwas ne."

Na ce ta je ta gaya wa akuya. Ba ta yi dariya ba. Ta ce tun ajin farko ta sani, yana cikin littafinsu. A jarrabawa takwas take rubutawa, a gida in aka tambayi akuya ta ce tara. Ta iya raba su, kowanne da wurinsa. Amma yanzu uban ya ce wa Lami a wanke masa rigarsa ta Juma'a, zai je Gaya ranar gasa. Kuma Malam Abdulsalam ya ce da wuya a yi fannin samaniya ba a yi wannan tambayar ba.

"In yana wurin ba zan iya cewa takwas ba," ta ce. "Gaban mutane ne. Kai kaɗai ne za ka iya gaya masa."

Gaskiyarta. Ita ba ta da bakin yi masa magana, balle gyara. Lami ba za ta yarda ta ɓata laƙabin mijinta ba. Samari sun riga sun zaɓi shiru. Duk faɗin dangi mutum ɗaya ne al'ada ta yarda ya dubi Kabo ya ce masa ƙarya kake, shi ne ni. Na ce ta kwantar da hankalinta, wannan ƙaramin aiki ne.

Na same shi a zaure yana gyaran ƙotar fartanya. Na zauna, na tattara duk natsuwar da Allah ya ba ni, na ce masa an cire Fuluto, duniyoyi sun koma takwas, kuma an daɗe da yi. Ya dube ni, ya ajiye fartanyar, ya yi dariya har da tari. Ya ce wannan ta fi ta bara daɗi. Ta bara kuwa ita ce da na ce masa Sinawa sun saye wata za su riƙa karɓar haya ranar ganin watan azumi. Kafin ita na taɓa gaya masa kogin Nilu ya ƙafe an shuka rogo a ciki. Shekara hamsin ina shirga masa irin waɗannan da fuska a murtuke, don haka murtukewar da na yi yau ba ta bambanta da sauran ba. Na buɗe baki zan rantse, ya ɗaga hannu ya ce kada in sa sunan Allah a wasan taubasai. Na ce a duba waya. Ya ce a waya ya ga an nuna masa jaki yana waƙa.

Raina ya ɓaci sosai. Na tafi na ɗauko Malam Abdulsalam a kan kekena, kyauta, na ce ya zo ya faɗa masa da bakinsa. Na manta Abdulsalam na cikin yaran da suka girma suna rera jerin nan a gindin darbejiya. Ya shigo zauren ya cire takalmi ya durƙusa, Kabo ya tambaye shi wai gaskiya ne abin da wannan mahaukacin ke faɗa. Malamin ya dubi ƙasa, ya sosa ƙeya, ya ce ai Baba, masana sun ɗan yi saɓani a kai, wasu na cewa kaza wasu na cewa kaza. Kabo ya ce masana dama ba sa rabuwa da saɓani, ya sa aka kawo masa fura. Da muka fito na ce wa malamin ya koma a ƙafa.

Sai na koma neman hana shi zuwa. Na ce keken ya cika. Ya ce zai zauna gaba kusa da ni, inda yaran mota ke raɓawa. Na ce uba ba ya zuwa kallon ɗan fari. Ya ce shi ba kallon kowa zai je ba, yana da sayayyar igiya a Gaya. Na gaji. Na gaya wa Khaula ta yi addu'a kada tambayar ta faɗo kanta, iyakar abin da na iya ke nan.

Ranar gasa aka tara mu a babban ɗakin taron wata makaranta a Gaya. An ce da hantsi za a fara, sai da aka yi azahar manyan baƙi suka iso. Zafi kamar a gasa gurasa, janareto na kuka, lasifika na ƙara, kowane mai babbar riga sai ya tashi ya ba da tarihin wahalar da ya sha kafin ya zama abin da ya zama. Yara na zaune a kan benci cikin kayan makaranta, wasu har sun fara gyangyaɗi. Kabo bai shiga ba. Ya zaga gefen ɗakin ya samu wata taga da gilashinta ya fashe, ya tsaya a nan cikin rigarsa ta Juma'a, hannuwa a baya. Igiyar da ya ce zai saya ko hanyar kasuwar bai kalla ba. Na tsaya kusa da shi. Daga inda aka jera 'yan gasa, duk wanda ya ɗaga kai tagar nan zai fara gani.

Da aka fara, Khaula ta yi ta wucewa. Aka tambayi hamadar da ta fi girma cikin masu zafi, ta faɗa. Aka tambayi ƙasar da wata ƙasa ɗaya ta kewaye ta ko'ina a kudancin Afirka, ta ce Lesoto. Da aka zo katun, yaran gari da ke da talabijin a gida suka yi ta zuba, domin na yanzu suka sani, ba na da ba. Aka ce me ke zagaye kan wanda aka buga wa guduma, ta ce taurari da 'yan tsuntsaye, wani mai babbar riga ya tashi yana tafi kamar an dawo masa da yarintarsa. Duk amsar da ta bayar, Kabo ba ya kallonta, bangon da ke gefen taga yake kallo, ya ce madalla a hankali.

Aka yi ta zubar da yara har suka rage su biyu, ita da wata Halima Sadiya daga Kademi, yarinya mai kaifin kai wadda ita ma na ji an ce ba ta da mai biya mata. Makinsu ya zo ɗaya. Alƙalin gasa ya ce za a yi ta yi musu tambaya bi da bi daga fannin samaniya, wadda ta fara faɗuwa ta fita. Ta Kademi ta amsa tata. Aka juyo kan Khaula, alƙalin ya zaro takarda ya karanta: duniyoyi nawa ne ke kewaya rana?

Kabo ya taɓa ni da gwiwar hannu, fuskarsa ta washe, ya ce wannan ai kyauta aka ba ta.

Khaula ta sunkuyar da kai. Ta dubi ƙasa. Ta ɗago ta dubi tagar da ubanta ke tsaye, abin da ban taɓa ganin ta yi ba, ta sake sunkuyawa. Mai riƙe da agogo ya ɗaga hannu alamar lokaci na tafiya. Ɗakin ya fara guna-guni, Malam Abdulsalam ya dafe kai. Na ga leɓunanta na motsi, na kuma san abin da ke shirin fitowa, domin na san gidan da ta fito. Tara za ta ce, ta koma gida ta soya ƙuli-ƙuli.

Murmushin Kabo ya tafi a hankali. Yarinyar da ta san Lesoto ba za ta manta abin da aka fi nanata wa akuya ba, ya san haka. Ya juyo ya dube ni. Ina jin yana neman dariyar nan da ke ɓoye a gefen bakina duk lokacin da na shirga masa wata. Bai same ta ba.

"Datti. Ba wasa kake ba?"

"Ba wasa nake ba."

Bai ƙara tambaya ba. Ya gyara hularsa, ya ɗaga murya yadda na ciki za su ji, ya ce, "Tayar kekenka ta baya kamar ta sace. Zo mu duba." Ya bar tagar. Bai bi ta baya ba, inda ya fi kusa. Ta gaban sauran tagogin ya bi, da sauri, farar rigarsa na wucewa ɗaya bayan ɗaya, yadda duk mai ido a ciki zai ga ya tafi.

Muka isa gindin bishiyar da na ajiye keken. Tayar lafiyarta ƙalau, da safen nan na ba ta iska. Ya tsuguna ya ɗora babban yatsa a kanta yana dannawa. Abin da bai lissafa ba shi ne lasifikar da aka rataya a waje saboda waɗanda ba su samu wuri ba. Muryarta ta fito a cikinta, ƙarama, ta cika filin makarantar: takwas. Alƙalin ya ce daidai. Tafi ya tashi. Kabo bai ɗago ba, ya ci gaba da danna tayar, ya koma ɗaya gefen ya danna waccan ma. Tausayinsa ya kama ni har na rasa tsiyar da zan yi masa, karo na farko a rayuwata.

Tambaya ta gaba ta kayar da yarinyar Kademi, ta fito tana kuka, hakan ma bai yi mini daɗi ba. Khaula ta ci. Aka yi hotuna, aka sake jawabai, sai gab da magariba muka kama hanya. Ita da malaminta da wata ƙawarta a baya, Kabo a raɓe kusa da ni, rabin jikinsa a waje. Mun yi nisa cikin ƙarar inji da ramukan hanya. Can Kabo ya yi gyaran murya.

"Datti, tambayi mutanen baya. Me Fuluto ta yi aka cire ta?"

Tun da nake da shi, wannan ce tambaya ta farko da na ji ya yi wadda bai riga ya san amsarta ba. Khaula ta juya ta fuskanci tamfol ɗin keken ta yi bayani. Ta ce ba abin da ta yi. An gano wasu ne da yawa irin girmanta a can inda take, aka ga in an lissafa ta sai an lissafa su, shi ne aka ware musu aji na ƙanana.

"Amma tana nan dai?"

"Baffa, ka ce masa tana nan. Ba ta fasa zagayenta ba."

Ya gyaɗa kai. Bayan wani lokaci ya ce mini, ashe shekara da shekaru iska yake takawa, yau ne ya duba ƙasa. Ya yi 'yar dariya, ni ban taya shi ba.

Da makarantu suka koma, ni na kai ta tasha da akwatinta. Kabo bai raka ta ba, ya tafi gona, ko da yake an riga an gama girbi. Sunansa bai canza ba, har yau Duniya-Tara ake ce masa, yana kuma amsawa. Sai dai ya daina zuwa teburin mai shayi da duniyarsa, in ya zo ma shayinsa kawai yake sha. Ni kuma na daina shirga masa labarai, abin ya fita daga raina, gaisuwarmu ta koma irin ta sauran mutane, gajera, ba daɗi.

Kwanakin baya na biya ta gidan bayan la'asar in kai wa Lami saƙo. Na yi sallama a zaure ba a ji ba, na leƙa. Yana zaune a tabarmarsa kusa da turke, ya juya wa ɗakin girki baya. Wajen randa ba kowa, sai kwanukan da Lami ta jiƙa. Ya dubi akuya ya ce, ko ke kin san duniyoyi nawa ke kewaya rana? Ya kasa kunne yana jira, kansa a ɗan karkace, kamar yadda ya saba. Ya daɗe a haka. Sannan ya shafa wuyan akuyar ya ce, takwas ne.